Takardar Shaidar Rai

Sau ɗaya a shekara gwamnati kan tambaya
ko ina da rai.
Sai in ɗaura ƙafar roba da asuba,
in hau kabu-kabu daga Kurfayawa,
dosiyena cikin leda, kada zufa ta ci sunana.

Bana babu Kaparal Ganda a bencin biro.
Matarsa Indo ce zaune a wurinsa,
lambarsa ɗaure a bakin zane kamar kuɗin cefane.
An ce mata tampon Yamai yana tafe.
Wata biyar ke nan.
Da raƙumi ne, da ya kai Agadas ya komo Tawa.

Yaron gishe bai kai shekarun takalmina ba.
Ya dube ni, ya dubi hoto:
"Baba, kai ne wannan?"
Na ce ni ne, zamanin ƙafa biyu.
Ya buga. Tawada ta yarda ina numfashi.

Ba na raina abin da ke zuwa:
shi ya sayi hatsi, ya biya lakkal ɗin Sahura.
Sai dai ƙafar da na bari a hanyar arewa,
ranar da aka karɓe ta
ba wanda ya nemi takarda.

A ƙofa Indo na ƙirga kuɗin mota, bai cika ba.
Na cika mata daga na Ganda,
jikka biyu da na ranta a bariki,
shekara talatin
bai taɓa tuna mini ba.