Hayaƙin da Ya Ƙi Tashi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina bandar kifi
a bakin ruwan Lagdo.
Tarwaɗa in lanƙwasa, ƙarfasa in jera,
giwan ruwa sai ranar da masunta suka tashi da sa'a.
Hayaƙin da ya yi sama ya tafi abinsa.
Wanda na haɗiye, shi ne ya ƙi tashi.

Ya shimfiɗa tabarma a ƙirjina,
baƙon da bai yi sallama ba, ba ya kuma zancen tafiya.
Shi ke riga ladan tashina:
tari uku, tari bakwai, kaki mai launin toka,
sai wata siririyar murya can ƙasan haƙarƙari
kamar ɗan tsako ya faɗa tulu.

Na sha zuma da tafarnuwa.
Na sha sassaƙen maɗaci har harshena ya manta daɗi.
Wani mai lasifika a kasuwar Pitowa
ya rantse kwalbarsa na wanke huhu kamar ƙwarya.
Jaka biyu na ba shi.
Cikina ta wanke, kwana uku.

A asibitin Garwa aka ɗaga hoton ƙirjina ga fitila.
Likitar ta ce, Inna Tabawa, kina shan taba?
Na yi dariya har tari ya ƙwace dariyar.
Na ce, 'yar nan, tabata rabin duro ce
da ragar ƙarfe a kai.
Ta ce ba ya warkewa, amma ana zama da shi.
Na ce zama da mugun maƙwabci
ai ba yau na fara ba.

Ta ba ni ɗan shuɗin abin shaƙa,
ta koya mini numfashi ina da shekara hamsin da takwas,
ni da na ɗauka da iyawata aka haife ni:
ja ta hanci, ƙirga biyu,
saki ta tsukakken baki kamar mai hura kunu.
Kada ki yi sauri, in ji ta,
kunun ba zai gudu ba.

Yanzu komai nawa ƙidaya ne.
Daga ɗaki zuwa randa, taku goma sha ɗaya.
Zuwa gindin darbejiya, ashirin da shida,
da tsayuwa ɗaya a jikin danga
ina yi kamar kaji nake dubawa.
Barci a jingine, matashi uku, kamar mai jiran mota.
Fatiha aya-aya nake kai ta, a zaune.
Mai ita ya san dalili.
Kaskon turarena na bayar,
wannan kam na yi masa kuka.

Abin shaƙar kan riga wata ƙarewa.
In na girgiza shi a kunne na ji wayam,
sai in rage magana, in rage fushi,
har Tanimu ya aiko daga Ngaundare.

Abin da ke hana ni barci ba tarin ba ne.
Azumi ce, tsaye kan duron da na bari,
ido jajur, goyo a baya,
yaron yana shan abin da na sha.
Na sayar da akuya biyu, magini ya ɗora mata murhu mai bututu.
Ta ce kifin ba ya baƙi yadda masu saye ke so.
Na buɗe baki in ba ta amsa,
tari ya riga ni.
Ta tsaya tana saurare har ya gama.
Washegari a sabon murhun ta hura wuta.

Jiya na kai bakin ruwa.
Taku ɗari biyu da tara, hutu biyar.
Kwale-kwale na dawowa, yara na ihu,
iskar tafki ta shiga har inda baƙon ke kwance.
Bai tashi ba.
Amma ya ɗan matsa,
ya ba ta wuri.