Ka Tabbata?

Hazo ya sauko daga duwatsun Shere,
shayin da na saya a Taminus ya huce a kofi,
ni kuwa ina gaban kwamfuta
ina duban sunaye goma sha bakwai
jere kamar takalma a bakin tabarma.

Rumbunmu ba na laka ba ne.
Ba shi da jinka, gara ba ta san hanyarsa ba,
sun ce a gajimare yake.
A ciki akwai lissafin manoman dankali
daga Bokkos har Mangu:
wanda ya karɓi iri, wanda ya biya,
wanda ruwa ya cinye masa kunya uku.
Makullan duk suna hannuna.

Wani na ba shi ido kawai, ya leƙa ya wuce.
Wani na haɗa masa da alƙalami.
Tanko akanta na da ɗakinsa shi kaɗai,
ko ni da na gina ɗakin sai na yi sallama.

Da azahar Hajiya Balaraba ta turo saƙo:
"Gyang ya ajiye aiki, Abuja ta kira shi.
A rufe ƙofarsa kafin magariba."

Gyang.
Shi ya rubuta sunana a jeren nan shekara biyar baya,
ya ba ni ido ya hana ni hannu.
Na kumbura, na ce ai da digirina na zo.
Ya yi dariya yana ɓare gyaɗa:
"Amana ba ta zuwa a buhu, Sagir,
da mudu ake auno ta."

Watan da ya ƙara mini alƙalami,
da yatsa ɗaya na share sunayen Mangu kakaf.
Ya kwana a kujerar nan da bargo a kafaɗa,
kafin asuba komai ya koma mazauninsa.
Kundin na'ura ya rubuta: an goge, an maido.
Bakin Gyang bai rubuta komai ba.

Yanzu ga sunansa, ga jan maɓalli a gefe.
Na fara kwashe kayansa tukuna,
fayil ɗari huɗu da sha biyu,
na mayar da su ƙarƙashin sunana
kamar mai tsare wa maƙwabci awaki.
Sannan na danna.

Na'ura ta ce: Ka tabbata?

Duk ginin nan ita kaɗai ta tambaye ni.
Ban zarge shi ba, ko allura ba zai ɗauka ba.
Amma makullin da aka bari a aljihun matafiyi
ba a san hannun da zai tsince shi ba,
wannan ma daga bakinsa na ji.

Na ce na tabbata.
Sha bakwai ta koma sha shida,
ko ƙarar ƙyaure ba a ji ba.

Sai ga Nanret, sabuwar ɗauka, riƙe da waya:
"Yallaɓai, ina gani amma ba na iya gyarawa."
Na buɗe baki, maganar mudu ta taso mini.
Na haɗiye.
Na ce ta jawo kujera ta zauna kusa,
mu fara da jerin Mangu.