Garba Mai Agogo

Sunansa Garabet. Bakin Gombe ya kasa ɗauka,
muka sare masa wutsiya, ya koma Garba.
Bai ji haushi ba. Ya ce, "Fassara ke nan,
a rage kaya don a samu shiga ƙofa."

Shagonsa na Sabon Layi, daf da masu awon auduga.
Agogo arba'in a bango, kowanne da ƙaryarsa.
Ɗaya ya bari da gangan yana gaba da sa'a uku,
lokacin ƙasar da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Yara kan leƙo: "Kwara! Kwara!"
Ya ɗago, gilashi maƙale a ido guda:
"Ni ba Kwara ba ne, Ba'armeniye ne."
"Ina ne garinku?"
Ya dafa ƙirji, ya koma kan aikinsa.

A Halab aka yanke masa cibiya, a zangon 'yan hijira.
Uwarsa ta ratsa hamada a ƙasa,
ta baro gida da 'ya'ya huɗu,
ta iso da ciki, da littafi ɗaya ɗaure a ƙugu.

Ina ɗan sha huɗu na kai gyaran agogon Baffa Jalo,
na fito da aikin shekara ashirin da biyu.
In an yi lisha sai ya kunna fitilar ƙwai,
ya jawo keken rubutu mai baƙin haruffa,
talatin da takwas: wani ƙugiya, wani lauje,
wani kamar tsoho ya duƙa neman allura.
Ni in zubo tatsuniyoyin kakata Adda Jebbu,
shi ya tura su can cikin dusar ƙanƙara.
"Mutanena ba su san kura ba, kyarkeci suka sani."
"To kyarkeci ya iya wauta irin ta kura?"
Mako guda muna wannan gardama.
Kura ta ci, ta tafi Bairut da sunanta.
Littafi uku aka buga masa a can.
Ladan na farko taya biyu ya saya wa kekensa.

Sannan mu juya, littafin uwarsa zuwa Hausa.
Gurasarsu, in ji shi, a rami ake gasawa: tonir.
Na ce, "Tanderu!"
Ya miƙe ya rungume ni,
sai ka ce an ce masa ɗan'uwansa bai mutu ba.

Kalma ɗaya ce ta ƙi mu: karot.
Na ce kewa. Ya ce ba ta kai ba.
Na ce marmari. Ya ce wannan na miya ne.
Na ce bege. Ya daɗe yana kallon fitila.
"Ana begen abin da ido bai taɓa gani ba?"
Na ce, "Ai nan bege ya fi ƙarfi."
Ya rubuta, amma da fensir,
wai kafin Allah ya kawo wadda ta fi.

Wata Lahadi mu bi akori-kura har Dadin Kowa,
ya zauna gaban Dutsen Bima bai ce uffan ba.
Sai a hanyar dawowa: "Namu ya fi tsawo,
yana da farin rawani rani da damina,
yana bayan iyaka, a gani ba a hawa.
Amma naku ma ya iya shiru."

Na Hausan, masu ɗab'i suka ce wa zai saya.
Ya sa shi a akwatin ƙarfe da ganyen darbejiya.

Cikin marka ya rasu.
Fasto ɗan Kaltungo bai san addu'arsu ba,
ni na karanta shafi guda, muryata na rawa,
cikin Hausar da muka haɗa tare.

Yanzu katin waya ake sayarwa a shagon.
Akwatin na ƙarƙashin gadona, gara ta ɗanɗana gefe.
Agogon nan kullum nakan ba shi wani.
Jikata Fantu ta ce, "Kaka, ya yi gaba, in gyara?"
Na ce bar shi, can azahar ta yi.

Na sayi biro tuni.
Shafi na sittin, layi na tara,
har yau fensir ne.