Gani a Ƙasa

Ran Talata nake zuwa kwata,
tun rana ba ta hau kan Kufena ta zauna ba.
Sambo mahauci ba ya ma tambaya:
huhu, guntun hanta, tumbi in an dace.
Ya ƙunsa a takardar siminti, ya ce,
"Na tsohon ne, Inna Kande?"
Na ce na tsohon ne.

Bar-su sunansa.
Jatau ya raɗa masa, shekarar da unguwa ta yi ta surutu
kan maharbin da ke hira da kare a zaure.
Jatau ya tafi bara, gyaɗa na fure.
Ya bar mini bindigar toka da ba ta tashi,
bashin taki buhu biyu,
da wannan mai haƙora huɗu
da har yau yake ɗaga kunne in namiji ya yi sallama.

Wata uku ina watsa masa ƙanzo,
ya shinshina, ya kau da kai.
Haƙarƙarinsa suka fito kamar matakan tsani.
Sai ga wata yarinya daga Samaru, mai koyon likitancin dabbobi,
ta zo yi wa awakin maƙwabta allura.
Ta durƙusa, ta buɗe bakinsa, ko ɗar,
ta ce, "Inna, ba cuta ba ce, tauna ce ta gagare shi.
Ki dafa masa."
Na yi dariya har na riƙe ƙugu.
Ni da na ciyar da baki tara har suka watse,
yau kare zan ɗora wa sanwa?

Na ɗora.

Tukunyarsa daban, mai tsagaggen baki,
ludayinsa daban, can bayan rumbu.
Tsakin shinkafa gwangwani ɗaya,
kabewa yanka biyu, dankali ɗaya in ya yi araha,
a bar su su nuna har su manta siffarsu.
Naman in yanka ƙanana kamar ƙwayar gujiya.
Hanta kaɗan, yawanta na sakin ciki.
Zogale tafi guda daga bishiyar bakin rijiya,
man gyaɗa rabin cokali.
Ran Juma'a ƙwai ɗaya,
ɓawon in gasa, in daka ya yi laushin kwalli,
in barbaɗa abin da yatsu biyu suka ɗauka.

Albasa, a'a. Tafarnuwa, a'a.
Ƙashin kaza dafaffe, ta ce, allura ne a hanji.
Gishirin ne ke ba ni wuya:
hannuna ya san hanyarsa shekara arba'in,
kullum sai na jawo shi baya
kamar yaron da ya doshi wuta.

Ladidi ta leƙo ta katanga.
"Hanta? Don kare?
Ga mutane can na kwana da ruwan bunu a ciki."
Gaskiya ta faɗa, ban musa ba.
Ban dai gaya mata daren da Jatau ya karye a dajin Shika ba,
wa ya yi gudun nan duka shi kaɗai,
ya zo ya kama bakin zanena yana ja.
Ita ma tana nan a ranar. Mantuwa ce kawai.

In na sauke, sai in fifita da faifai,
in taɓa da bayan yatsa, yadda ake wa kokon jinjiri.
Shi kuwa yana zaune, jela na share ƙasa,
yawu na ɗiga, ido a kan tururi.

Sun ce an gaya wa kare ana biki a gidansu,
ya ce sai ya gani a ƙasa.
To, ga shi a ƙasa, Bar-su.
Ba kiɗa, ba guɗa, ba mai gidan,
amma ci.

Ya cinye, ya lashe kaskon, ya tura shi da hanci har gindin rumbu,
sannan ya koma bakin zaure ya kwanta,
fuskarsa wajen hanya.