Zumar Shekarar Ambaliya

Shekara uku ana zuzuta ta,
zumar amyar Sallau,
wai ko majinyaci ya lasa sai ya tashi zaune.

Yau a rumfar Barau, kasuwar Daura,
mu dillalai biyar muka kewaye tulun.
Aka fasa yumɓun bakinsa.
Kowa da tsinkensa.

Na ɗora a harshe, na jira.
Zaƙi ya leƙo, ya wuce
kamar baƙon da bai sha ruwa ba.
Bayansa hayaƙi,
Sallau ya cika wuta daren ɗiba,
sai ɗan tsami can ƙasan maƙogwaro.

Ilu ya ce, "Tana nan yadda take."
Bai sake kai tsinke ba.

Ni da na fara yabonta
na kurkure baki,
na ce a miƙo ta Tasalla,
wadda ba wanda ya taya.