Ƙararrawa Uku

A Porto, kan titin da ke gangarawa kogin Douro,
gidan Amílcar Seixas ya shekara ɗari da tara
da ƙofa ɗaya, ƙararrawa ɗaya.
Ni aka kira in mai da shi uku.

Na zo da igiyar awo, fensir a bayan kunne.
Tsohon na biye da ni ɗaki-ɗaki, yana dogara sanda,
ina kiran lamba, yana kiran suna.
"Mita huɗu da rabi," in ji ni.
"Ɗakin Graciete," in ji shi. "Nan ta yi jinya."

A takarda bango layi ne kawai,
kafin ƙiftawar ido an ja shi.
Na ja ɗaya ta tsakiyar falo,
teburin mutum goma sha biyu ya rasa wurin zama.
Na ja wani, ɗakin ɗinki ya koma banɗaki,
bututun ruwa ya bi ta inda agogo ke rataye.

Hukumar birni ta ce kada a taɓa fuskar gida,
shuɗin tayil ya zauna yadda yake.
Sai muka kwashe kayan cikinsa,
muka bar masa murmushin.

Wata bakwai ana guduma.
Rannan Leandro kafinta ya kankare fentin katakon ƙofar kicin,
ya tarar da zanen fensir hawa-hawa:
tsayin yara uku, shekara bisa shekara.
Biyu sun wuce kaina.
Ɗaya ya tsaya daidai ƙuguna, bai ƙara ba.
Ban tambaya ba.
Zanena ya ce a cire katakon.
Na goge zanena.

Yanzu a sama ɗalibai biyu ne, masu suyar albasa da tsakar dare.
A tsakiya wata nas da jaririnta.
A ƙasa Amílcar, don gwiwa ta yi faɗa da matakala:
ɗaki ɗaya, rabin lambu, bishiyar lemon tsami.
Mitar wuta uku, akwatin wasiƙa uku.

Ran da na kai masa makullai
kukan jaririn ya keto ta silin.
Kunya ta kama ni, na shiga ba da haƙuri:
na cusa abin kashe sauti, kaurinsa ya kai taƙi,
gobe zan turo a ƙara.

Ya ɗaga hannu,
ya karkata kunnensa mai ji zuwa sama.
Ya daɗe a haka.
"Da kin rage kaurin ma," ya ce.