Shaidun Bijimin Gide

A bayan gonar Ilu, gefen fadamar Auyo,
aka tsinci bijimin Gide ran Talata.
Wari ya riga labari shiga gari.

Gide ya ce: ran Juma'a, a idon jama'a,
Ilu ya rantse duk dabbar da ta sake taɓa masa shinkafa
sai ya ga bayanta.
Ilu ya ce: na faɗa, amma baki ne, hannu bai sani ba.
Mai unguwa ya toshe hanci da gefen rawani.
Ba wanda ya gani.
Ko ungulu babu, balle a tambaye ta.

Sai ga Hansatu ta gidan Tsalha,
mai karatun ƙwari a Dutse,
wadda muke wa dariya: a rasa abin karantawa sai ƙuda?
Ta durƙusa inda maza suka ja da baya,
da cokali, da wankakkiyar kwalbar magani.

Koren ƙuda, in ji ta, shi ne farkon mai gaisuwa.
Ba a aika masa.
Kafin jini ya huce ya zuba ƙwai a ido da hanci,
farare kamar tsaki.
Tsutsa ta fito, ta ci, ta tuɓe riga sau biyu,
in ta ƙoshi ta bar mushe ta shige ƙasa.
Kowace riga da kwanakinta,
zafin rana ke ƙara mata sauri.

Ta auna tsutsa da tsinken ashana.
Ta tona ƙasa taku uku daga haƙarƙari,
ta zaro 'yan kwasfa masu launin ƙwallon tsamiya.
Ta ɗaga fata, baƙin ƙwaro ya ruga,
mai zuwa a makare, mai son busasshe.

Kwana takwas, ta ce. In na yi rowa, bakwai.

Muka lissafa da yatsu, baya-baya.
Ilu na kwance a asibitin Haɗeja, ana ƙara masa ruwa.
Ni na kai masa kunu.

Shiru.
Sai sanda ta faɗi daga hannun Oro,
ɗan Gide, shekara goma sha ɗaya,
mai ƙirga shanu kullum da magariba
ya ce wa uban sun cika.
Bai yi kuka ba tukuna. Ƙasa yake kallo.

A kan murfin birin Hansatu
ƙuda ya sauka, kore shar,
yana murza hannu kamar mai alwala.